Yau na rubuta ƙwai

Asabar, 22 ga Maris 2025, azumi na ashirin da biyu. Ivano-Frankivsk, ƙasar Yukren.

Tun da na kama hayar ɗaki a gidan nan nake ganin wani kwando a saman kabad ɗin falo cike da ƙwai masu ado, wasu har sun dushe. Na ɗauka na katako ne, irin wanda ake sayar wa baƙi a kasuwa. Yau da na tashi daga barcin bayan asuba sai na tarar mai gidan tamu ta shimfiɗa tsofaffin jaridu a teburin kicin, ta jera kwalaben rini, ga kyandir, ga dunƙulen kakin zuma, ga fararen ƙwan kaji a faranti. Babusiya nake ce mata, wato Kaka, ita kuma ta ce mini "donyu", 'yata ke nan. Ta ce, "Donyu, yau ba asibiti ko? Wanke hannu da sabulu ki zo ki zauna."

Sai da na ɗan yi jim. Abin na bikin Ista ne, ni kuma ga bakina da azumi. Na faɗa mata gaskiya: ba zan yi gicciye ba, ba kuma zan yi abu mai rai ba, su barewa da zakara da na gani a jikin nata. Ko a jikinta. Ta ce adon da babu ko ɗaya daga ciki ya fi yawa, wai galibinsu ma sun girmi zuwan Kiristanci ƙasar a shekarar 988. Ita ma fa azuminsu take yi, tun 3 ga wata rabonta da nama da madara da ƙwai. Kaji kuwa ba su san ana azumi ba, kullum sai sun saka, shi ya sa a ƙauye ƙwai yake taruwa a irin wannan lokaci.

Gyaran farko da na sha a kan magana ne. Na ce me zan zana, ta ce ba a zana ƙwai, rubuta shi ake yi. Sunansa pysanka, daga pysaty, wato rubutawa. Wanda ake dafawa a rina shi launi ɗaya da ɓawon albasa, yara su yi ta gwara shi su cinye, wannan krashanka ne. Pysanka ɗanye ake yinsa, ba a kuma ci.

Alƙalamin da ake rubutun da shi sunansa pysachok. Ɗan siririn itace ne kamar fensir, an ɗaure masa wani ɗan ƙanƙanin mazurari na tagulla a baki. Za ki kara shi a wutar kyandir ya yi zafi, ki dangwalo kaki, ki sake karawa, sai kakin ya narke ya riƙa fitowa siriri, baƙi saboda hayaƙi. Kina ɗan jinkiri ya daskare. Kin bar shi ya yi zafi da yawa kuwa sai ya zubo miki ɗigo dam a tsakiyar aiki, kuma ba ya goguwa, ko kin kankare wurin ba zai ƙara shan rini ba. Ɗigo uku na yi kafin hannuna ya daina rawa. Ita ba ta ma motsa alƙalamin sosai, ƙwan take juyawa a tafin hannu, ƙaramin yatsanta yana tokare da shi.

Da farko kaina ya ɗaure, don ban gane abin da nake yi ba, sai da na tuna lallen salatif da yayata take yi mana ranar jajibirin salla. Inda aka manna salatif nan ne lalle ba zai kama ba. To haka nan. Layin da kika ja da kaki a kan farin ƙwai shi zai zauna fari har ƙarshe. A goge ƙwan da ruwan khal, a tsoma a ruwan ɗorawa, a tsamo da cokali a tsane da tsumma. Duk inda kike so ya zauna ruwan ɗorawa ki rufe shi da kaki. A tsoma a ruwan goro, a rufe, a tsoma a ja, a rufe, baƙi shi ne na ƙarshe. Daga mai haske ake farawa a gangara zuwa mai duhu, ba a komawa baya. Marinan Ƙofar Mata da zare suke ɗaure inda ba sa so baba ya shiga, nan da kaki suke yi, dabarar dai guda ce.

Ita ta rubuta wanda suke kira sorok klyntsiv, wai 'yan kusurwa arba'in. Na ƙirga na samu arba'in da takwas, na sake ƙirgawa, arba'in da takwas dai. Ta ce sunansa ke nan, in daina yi wa ƙwai lissafin likitoci. Ta nuna mini wani kuma, bezkonechnyk, layi mai lanƙwasa da yake zagaye ƙwai ya dawo ya haɗe da kansa, ba a gane mafari. Ina ganinsa dagi ya faɗo mini a rai. Na nemo hoton dagin Arewa a waya na nuna mata, ta gyara tabarau ta bi layin da yatsa, ta ce to rubuta shi mana. Wallahi dagi a kan takarda ma wuya gare shi, balle a kan abin da ba shi da gefe.

Ƙwaina yana cikin jan rini jiniyar gargaɗin hari ta sama ta tashi, wayata ma ta ɗauka. Muka hure kyandir muka koma lungun da ke tsakanin bango biyu, inda muke zama kullum in an yi haka. Ta taho da nata ƙwan a hannu, nawa na manta shi a kwalba. A nan zaune take ba ni labarin mahaifiyarta a wani ƙauye kusa da Kosmach, cikin duwatsun Karpat, yadda a zamanin Tarayyar Sobiyet sai dare ya yi, an saki labule, sannan take fito da kayan, don hukuma tana ɗaukar abin a matsayin addini. Rinin ma da kanta take haɗawa, ɓawon itacen tufa na daji don ruwan ɗorawa, ɓawon wasu itatuwan don baƙi. Yanzu gari ne a 'yar takarda, a zuba ruwan zafi.

Sai ta kawo tatsuniyar mutanensu, Hutsul. Wai akwai dodo ɗaure da sarƙa a jikin dutse, duk shekara yana aika 'yan aikensa su zagaya duniya su ƙirgo ƙwan da aka rubuta. In sun yi yawa sarƙa ta ƙara tamkewa, in sun yi kaɗan ta yi sako-sako. Ta faɗa tana dariya, amma da ta gama ba ta ɗago ba, ƙwan hannunta take kallo. Na jikanta ne, yana fagen daga a gabas. Ban ce komai ba. Abin da bai kai awa ɗaya ba aka sanar an janye gargaɗin.

Na tsamo nawa ya yi ja wur, ta ce gara haka. Muna jiran baƙi ya kama na tambaye ta ko ta ji a watan Disamban da ya wuce UNESCO ta sa pysanka cikin jerin al'adun duniya, Yukren da Istoniya ne suka nema tare. Ta ce ta ji a rediyo, madalla, amma ita ba ta jira su ba. Gidan tarihin pysanka na garin Kolomyia ma, wanda aka gina a shekarar 2000 da siffar ƙwai, tsayinsa ya haura mita goma sha uku, ba ya burge ta sosai. Na je bara, dubban ƙwai ne a bayan gilashi, ni dai na sha kallo. Ita cewa ta yi ƙwai na kyauta ne, a ba maƙwabci, a ba yaro, budurwa ta ba saurayi, a kai kabarin iyaye. Ina jin tana da gaskiya, sai dai da ba don gilashin ba da ni ban taɓa ganin na sauran yankuna ba.

Da ƙwan ya fito daga baƙi, abin ba kyan gani, dunƙulen kaki ne kawai mai datti. Ta sake kunna kyandir ta ce in kara shi a gefen wutar, kada a samanta, hayaƙi zai ɓata shi. Kakin ya fara ƙyalli, na goge da tsumma, sai ga farin layi, ga ruwan ɗorawa, ga ja, kamar an buɗe taga. Na yi ta juyawa ina gogewa har dagina ya fito. A karkace yake, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, ga ɗigona uku, ga kuma shatin babban yatsana ɓaro-ɓaro a gefe, inda rini ya ƙi kamawa. Ashe bayan na wanke hannun na shafa mai saboda sanyi, ban faɗa mata ba. Kallo ɗaya ta yi ta gane.

Na tambaye ta ko ba zai ruɓe ba tunda ɗanye ne. Ta sauko da kwandon nan, ta ɗauko wani da ya dushe, ta girgiza shi a hankali kusa da kunnena. Ƙwas, ƙwas. Farin ya bushe tun tuni, kwaiduwar ta dunƙule tana yawo a ciki kamar tsakuwa. Ta ce a ajiye inda iska take shiga, kada rana ta buge shi, in ba haka ba wata rana zai fashe, kuma sai mun bar mata gidan don wari.

Bayan shida da rabi da 'yan mintuna na sha ruwa da dabino, ta kawo mini varenyky, wato dafaffen kwaɓin fulawa mai cushe, na dankali da soyayyar albasa, wanda ita ma azuminta bai hana ta ba. Na kira Umma a WhatsApp na nuna mata. Ta matso da fuska jikin waya ta ce, "Wannan ai dagi ne, amma wa ya murɗe masa ƙafa?" Na ce ni ce. Ta ce, "To yanzu shi ke nan, ba za a ci ba?" Na ce ba za a ci ba, Umma. Ta yi salati, ta ce in gaishe mata da tsohuwar.

Yana nan a kan teburin karatuna cikin murfin kwalba don kada ya gangara. Yatsuna uku har yanzu ja ne, Litinin kuma ina da zagayen marasa lafiya.