Harafi biyu da suka ci min rabin albashi

Ƙarshen wannan zangon na ajiye aiki a makarantar kuɗin da nake koyar da Turanci, abokan aiki da yawa suna ta tambayata dalili a WhatsApp, to gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Waɗanda muka zauna ofis ɗaya sun san ni ne mai buga duk wata takarda da za ta fita zuwa ga iyaye, ba dan an ɗauke ni aikin sakatare ba, kawai dan ni ne malamin Turanci kuma ina da laftof.

Maganar ta samo asali ne daga takardar ƙarin kuɗin makaranta. Shugaba ya rubuto da hannu ya aiko, a ƙasan sunansa ya sa Principle, a tsakiya kuma ya ce duk yaron da bai biya ba zai loose gurbinsa. Na gyara su na mayar Principal da lose, dan principle ƙa'ida ce ko aƙida, shugaban makaranta kuwa principal ne, loose kuma abu ne mai sako-sako kamar wandon da ya yi wa mutum yawa, rasa abu shi ne lose. Da na kai masa ya sa hannu sai ya ɗaure fuska. Na ce ranka ya daɗe kalmomin ne suke kama a kunne amma a rubuce daban suke, ga ƙamus nan a laburare mu duba. Ya ce Malam tun kafin ka shiga firamare nake sa hannu a takarda, mayar min yadda na rubuta. Na mayar, aka buga, aka raba wa yara suka kai gida.

Washegari wani uba da yake koyarwa a jami'a ya zagaye kalmomin da jan biro ya ɗauki hoto ya tura gurup ɗin iyaye, yana tambaya wai makarantar da ba ta iya rubuta muƙamin shugabanta ba ita ce take ƙara kuɗi. Aka kira mitin na gaggawa, a gaban mai makaranta da duk malamai shugaba ya ce laifin mai taifin ne, shi daidai ya rubuta. Aka ba ni kweri, aka cire kuɗin sake bugawa da na takardar ban haƙuri daga albashina, kusan rabi ya tafi, a watan da matata take asibiti. Takardar da ya rubuta da hannunsa kuwa ya karɓe abarsa tun ranar. Wallahi ba kuɗin ne suka fi ci min rai ba, shirun malaman da suka ji lokacin da yake ce min in mayar shi ne har yau yake tsaya min a wuya.

Ni ban taɓa ganin abin kunya ba ne Bahaushe ya rikita irin waɗannan kalmomi. Rubutun bokonmu yadda ka ji haka kake rubutawa, Turanci kuwa ba ruwansa da wannan, their da there sauti ɗaya ne, haka whether da weather a bakin mafi yawan Turawa, haka stationery kayan rubutu da stationary abin da yake tsaye cak, su kansu 'yan Ingila suna faɗawa ramin. Mu kuma sai aka ƙara mana namu, Hausa ba ta raba p da f, ba ta da v, shi ya sa yaro zai rubuta full yana nufin pull, ko ban a maimakon van. Sannan a Hausa in gaɓa ta ƙare da baƙi wasalinta gajartawa yake, shi ya sa leave da live suke fito mana iri ɗaya, haka seat da sit, alhali ga Bature ba su ma yi kusa ba. Abin da yake kayar da yaranmu a Test of Orals na WAEC, wato jarrabawar sautukan Turanci, kenan duk shekara, yaro mai ƙoƙari ya rasa kiredit a Turanci ya zauna gida bai shiga jami'a ba. Wanda ya san haka ba zai yi wa kowa dariya ba, kuma ba zai ji an ci masa mutunci dan na ƙasa da shi ya nuna masa ba.

Ga wanda zai gaji wannan aikin taifin ɗin, duk rubutun hannu da aka ba ka ka ɗauki hotonsa kafin ka taɓa, in an ce ka mayar da kuskure ka nemi a turo maka umarnin a rubuce ko da ta tes ne. Kada ka dogara da jan layin kwamfuta, principle kalma ce ta gaskiya dan haka ba lallai ta ja mata layi ba. Ka duba ko an saita ta a Turancin Amurka, dan su practice suke rubutawa ko suna ko aikatau, mu kuwa na Ingila muke bi, aikatau practise ne. Advice shawarar ce, advise bayar da ita. Kuma kar ka karɓi aikin da ba ya cikin takardar ɗaukarka sai an rubuta waye zai ɗau alhaki.

'Yan SS3 ɗina dai kowa yana da littafin da muke tara irin waɗannan tagwayen kalmomi, kowace da jimlarta, duk Juma'a in yi musu shifta, kuma ba na jin akwai wanda zai fita daga ajin nan ya rubuta loose a wurin lose. Kuɗina da aka cire har na miƙa makullin ofis ba wanda ya ce min uffan a kansu.