Tuban Gizo a shafi goma sha shida

Shagona ɗaki ɗaya ne da ɗan zaure a cikin birnin Kano, mu huɗu muke aiki: ni, da mai zane, da yarinyar da ke tsara shafuka a kwamfuta, da yaron da ke kai kaya a kan babur. Ba mu da injin bugu. Mu rubuta, mu zana, mu tsara, sannan mu bi layi wajen masu inji. Littattafan koyon karatu na 'yan nazare da firamare su ke ciyar da mu, amma wanda raina ya fi so shi ne ɗan littafin Sallah, wanda iyaye kan haɗa wa yara da goron Sallarsu.

Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka marubuci ne ke yanke tsawon labari. Takarda ce ke yankewa. Littafin da ake ɗinkewa a tsakiya shafukansa huɗu-huɗu suke tafiya, ko 16, ko 20, ko 24, babu 17. Hoto mai launi kuwa farantin bugu huɗu yake ci, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, kowanne da kuɗinsa. Takardar daga waje ake shigo da mafi yawanta, don masana'antun Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa wadatar da mu, saboda haka duk sanda dala ta motsa, sai labarina ya gajarce. Shafi 16 nake iya ɗauka in har ina so uwa mai 'ya'ya biyar ta saya ba tare da ta yi tsaki ba.

Littafin Ƙaramar Sallar 2023 shi ne ya fi ba ni wahala. Labarin mai sauƙi ne. Ƙoƙi ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, ta ba Gizo ya kai wa tsohuwa Kunkuru da ba ta iya fita. Gizo ya zauna gindin tsamiya ya share kwanon, ya dawo yana kuka da tsamin bakinsa, wai Kura ce ta tare shi ta ƙwace. Ba wanda ya bincika, don kowa ya san halin Kura. Aka kama ta aka yi mata lilis. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga baya Dila, malamin daji, ya ga man miya a gashin bakin Gizo, asiri ya tonu. A rubutuna na farko Gizo ya ce a yafe masa a shafi na 15, Zaki ya ce ai ranar Sallah ce, an yafe, a shafi na 16 kowa na cin tuwo ana dariya.

Ina da al'ada, kafin a kai aiki inji sai na karanta wa yara. Na je wata Islamiyya a unguwarmu na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," suka amsa, "Ta zo mu ji ta." Sun yi dariya inda nake so su yi. Da na rufe takardun sai wata yarinya, ba za ta wuce shekara shida ba, hijabinta ya karkace gefe guda, ta ɗaga hannu.

"Anti, to Kura fa? Ita aka daka. Me ya sa Zaki ne zai yafe?"

Kafin in buɗe baki wani yaro daga baya ya ce, "Kuma Kunkuru da yunwa ta kwana."

Malamarsu ta yi murmushi ta ce mini, "Hajiya, darasin jiya ne suke maimaita miki." Ta koya musu cewa tuba yana son nadama, da barin laifin, da niyyar ba za a koma ba, in kuma haƙƙin wani ne sai an mayar masa ko shi da bakinsa ya yafe. Ni da na san wannan tun ina allo, ƙarancin shafi ya sa na tsallake shi.

Ƙara shafi huɗu ba zai yiwu ba, sai dai a rage daga farko. Na cire hoton hawan Sallah da ya cinye shafi biyu, mai zane ya kwana uku yana gaishe ni a daƙile, don dawakan nan ya fi ƙawatawa a duk littafin. Na gajarta wurin cin tuwon. A gurbinsu Gizo ya daka shinkafa da hannunsa, ya ɗauki kwano a ka har ƙofar Kunkuru, sannan ya tsaya a dandalin da aka daki Kura ya faɗa da ƙarfi cewa ƙarya ya yi mata. Kura ta dube shi da kumburarren ido ta ce, "Ba yau ba." Sai washegari, ranar hawan Daushe, ta matsa masa ya zauna kusa da ita. Wani uba ya kira ni daga baya yana faɗa, wai ina koya wa yara riƙo a ranar da ake yafiya. Na ba shi haƙuri, amma ban canza ba. Yaron da aka taɓa zane shi kan laifin ɗan'uwansa ya san daren nan guda da Kura ta nema ba yawa ba ne.

Wasu iyayen ma Gizon ne ba sa so gaba ɗaya, su ce tatsuniya ƙarya ce. Nakan tuna musu yadda kakanninmu ke rufe ta: ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Mai ba da labarin da kanta take sanar da yaro inda wasa ya tsaya.

Gyaran nan ya ci mini mako biyu, a shekarar da bai kamata in yi asarar ko kwana ɗaya ba. Masu inji sun sha aikin fastocin zaɓe har zuwa na gwamnoni ranar 18 ga Maris, ayyukan mutane sun taru, ga ƙarancin takardun naira da aka yi fama da shi bayan sauya fasalin kuɗi, ga azumi ya kama. Wata mai makaranta ta biya ni kuɗin kwafi 300 tun da wuri, tana so ta raba wa ɗalibai kafin hutu. Ta kira ni, na ce, "Hajiya, yana kan inji." Duk wanda ya taɓa hulɗa da masu bugu ya san wannan magana. A lokacin ko faranti ba a yi ba. Ta sake kira bayan kwana huɗu, na ce wuta ce ta hana. Ita ma wutar, kamar Kura, duk abin da aka ɗora mata ana yarda.

Ranar da aka yi hutu ba littafi. Yaran sun tafi hannu rabbana, bayan ta riga ta yi musu alkawari a taron safe. Da yamma na ɗauki mayafi na je gidanta, da azumi a bakina, na faɗa mata yadda aka yi tun daga tambayar yarinyar nan har zuwa ƙaryar wuta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Da kin faɗa mini tun farko, da ban tsaya gaban yara na zama maƙaryaciya ba." Na rasa inda zan sa idona.

Littafin ya fito saura kwana uku Sallah, wadda ta kama 21 ga Afrilu. Na karɓi jerin unguwannin ɗalibanta, ni da yaron babur muka bi gida-gida, man fetur daga aljihuna, mun kai fiye da rabi kafin a ga wata. Sauran sai da aka koma makaranta.

Ta ce ta yafe, kuma har yanzu tana sayen littattafanmu. Sai dai tun daga shekarar ba ta ƙara biyan kuɗi gaba ɗaya ba. Rabi take bayarwa, ragowar sai ta ƙirga kwafin da hannunta a kan teburin ofis. In ta kira tana tambayar inda aiki ya tsaya, hoton injin nake tura mata ta WhatsApp, da shafinmu a kai.