Yadda Juyawar Fanka ta Ruɗe Ni Wajen Gyaran Fawa Saflai

Kwamfutar tebur da nake aiki da ita ta fara mutuwa da kanta duk lokacin da na buɗe manhaja mai nauyi, sannan ta sake tashi kamar babu abin da ya faru. Na fara zargin RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, na cire na goge na mayar, amma matsalar tana nan, sai hankalina ya koma kan fawa saflai, wato akwatin da ke karɓar wutar soket ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3 domin sassan kwamfuta.

Na yi gwajin da masu gyara suka saba yi, inda na zare babbar mahaɗa mai fil 24 daga madabod, wato babban allon kwamfuta, na lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takarda na haɗa koriyar waya da baƙa. Nan take fankar akwatin ta juya, ni kuwa na yanke hukunci cewa akwatin lafiyarsa lau. Wannan kuskure ya ci mini kwana biyu ina neman cuta inda babu ita, domin gwajin yana nuna cewa akwatin na iya tashi ne kawai, ba ya nuna ko zai riƙe wuta idan aiki ya yi masa yawa.

Da na mayar da komai, na ɗora mitar auna wuta a kan rawayar waya mai ɗauke da bolt 12 yayin da kwamfutar ke aiki, sai na ga wutar tana sauka ƙasa da bolt 11, alhali ƙa'idar ƙera irin waɗannan akwatuna, wato ATX ta kafin 2022, ba ta yarda ta kauce da fiye da kashi 5 cikin ɗari ba, wato kada ta gaza 11.4.

Ban buɗe akwatin da garaje ba, saboda babban kafasitan da ke ciki, wato abin da ke tara wuta, yana iya riƙe fiye da bolt 300 bayan an cire filogi. Sai da na sauke wutarsa da resista, wato abin da ke rage gudun wuta, na kuma tabbatar da mita, kafin na kai hannu. Kusa da inda wayoyi ke fita na tarar da ƙananan kafasita biyu sun kumbura, ɗaya har ya tsiyayo da wani ruwa da ya bushe a kansa. Na narka dalma na cire su, na sa sababbi masu ƙarfi daidai da nasu kuma masu jure zafin digiri 105, ina lura da zanen da ke nuna ƙafar nagetif, domin kafasita irin wannan idan aka juya ƙafafunsa fashewa yake yi. Da a ce taransifoma ce ta ƙone, da sabon akwati zan saya kawai.

Na share ƙurar da ta toshe fanka, na rufe, na sake aunawa da manhajar nan mai nauyi a buɗe, mita ta tsaya a kan 12.1 ba ta motsa ba.