Kwana biyar a laburaren Makerere

Tun da na dawo daga Kampala ban bar abokan aikina sun huta ba, duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha labarin jami'ar Makerere ta Uganda. Wani ɗan taron ma'aikatan laburare ne ya kai ni.

Hanya ba ta da labari, in ban da jami'in nan na filin jirgin da muka yada zango. Ya yi ta jujjuya katin rigakafina na shawara kamar na jabu, ya shanya ni rabin sa'a, sannan ya wurgo mini shi ba ko kallo. Na haɗiye fushina. Sai da na hango tafkin Victoria muna sauka Entebbe raina ya yi sanyi.

Jami'ar a bisa tudu take. An kafa ta a 1922, a nan Julius Nyerere ya yi karatu, kuma babban gininta da ya ƙone a Satumban 2020 an sake tayar da shi. Amma ni laburare na zo gani. Mai masaukina, wata dattijuwa da ta tsufa a aikin, ta ajiye nata aikin ta zaunar da ni gaban kwamfuta, ta ce, "Ɗan'uwa, faɗi wata maƙala da ta gagare ka." Akwai wadda na yi wata uku ina nema wa wani ɗalibinmu, kullum sai kamfanin ɗab'i ya ce a biya fiye da dala 30. Maƙala ɗaya, shafi goma sha biyu! Ta rubuta sunan, ta danna, sai ga ta a buɗe. Wallahi na yi shiru.

Ta hanyar Research4Life ta shiga, wani shiri da ke buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun bincike. Shirin ya faro ne da Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002 tare da manyan kamfanonin ɗab'i, sai AGORA na aikin gona ya biyo baya a 2003. Ƙasashen da suka fi ƙarancin kuɗi kyauta suke shiga, na rukuni na biyu kuwa kowace cibiya dala 1,500 a shekara. Wannan ai araha ce ta gaske. Abin da ya cije ni shi ne mu ma muna da rajista, amma kalmar sirrin tana aljihun mutum ɗaya, in ya yi tafiya an rufe ƙofa ke nan. A can kuwa na ga ana tara sababbin ɗalibai ana koya musu yadda ake nema.

Da na tambaye ta wane tallafi ne ya fi yi musu amfani, ba ta ambaci gini ba, mutane ta lissafa. Hukumar tallafin raya ƙasashe ta Suwidin, wato Sida, ta shiga haɗin gwiwa da Makerere a 2000, aka yi sama da shekara ashirin ana tare. Malami zai je Suwidin ya yi 'yan watanni wajen mai duba aikinsa, ya dawo gida ya ci gaba da binciken digirin digirgir, bai bar ajinsa ba, bai kuma ɓace a Turai ba. Laburaren jami'o'in Uganda kuma suka haɗa kai suna cinikin mujallu da murya ɗaya, kowa na zuba nasa kason. Nan da nan na tuna ɗakin nan namu, kwamfutocin kyauta jere a ƙarƙashin ƙura, tambarin masu bayarwa yana nan raɗau, amma tun da wa'adin tallafin ya ƙare ba wanda ya ware ko sisi na gyara.

Ba komai ne zuma ba. Wani matashin malami ya koka mini cewa su ke shiga ƙauye tattara bayanai, amma in maƙala ta fito sunansu na can tsakiya, na baƙi a gaba. Na ji zafin maganar, don na sha ganin haka.

Ranar ƙarshe aka leƙa da mu laburaren likitanci na Albert Cook a Mulago, inda ake adana bayanan marasa lafiya da shi likita Cook ɗin ya rubuta da hannunsa. Ruwa ya tsuge, muka yi sauri zuwa Entebbe. Ranar Litinin da sassafe na buga wa mai kalmar sirrin nan ƙofa.