Abin da Gwaggo Ba Ta Yafe wa Marubuci

Da yanar ido ta rufe wa Gwaggona gani, aikin karanta mata littafi a kaina ya faɗo, don gidana ne mafi kusa da nata a Rafindaɗi. Ba ta yi boko ba, ajin yaƙi da jahilci ta shiga tana matar aure, amma da wannan ɗan karatun ta cika adaka guda da littattafai. Bayan la'asar nake zuwa, ta jingina da bango, in buɗe inda muka tsaya jiya.

Na daɗe ina karatun labarai, amma da ido, ni kaɗai, kuma mai karatu da ido ɓarawo ne: in shafi ya gundure shi sai ya tsallake, ba wanda ya gani. Karatu a bayyane ba ya ba da wannan dama. Duk kalmar da marubuci ya zuba sai ta bi ta bakinka, ga kuma tsohuwa a gabanka wadda fuskarta ba ta iya ɓoye komai.

Da littattafan soyayya muka fara, irin masu na ɗaya, na biyu, na uku, waɗanda aka riƙa bugawa a Kano tun wajen 1984. A nan na fara lura da abin da ke sa ta gyangyaɗi. Da zarar an shiga siffanta falon Alhaji, kujeru kaza daga Dubai, labule kalar kaza, motoci jere a harabar gida, sai carbinta ya fara tafiya da sauri. In aka kai ga siffar yarinyar, doguwa, fara, gashi har gadon baya, hanci kamar biro, takan ce, "Ke ɗiyar nan, wannan ba ita ce ta wancan littafin ba?" Kusan kullum ita ce, suna kawai aka sauya mata.

Amma akwai wani shafi da ta sa na maimaita mata. Ranar girkin amarya ce, uwargida ta shigo madafa ɗaukar ashana, ta ga amarya ta ɗora tukunyar miya, ta leƙa, ba ta ce komai ba, sai ta ɗauki gishiri daga inda yake ta mayar da shi kan kantar da ya saba zama tun kafin a kawo amaryar. Shi ke nan abin da ya faru. Gwaggo ta yi dariya har da tari, ta ce wadda ta rubuta wannan ta zauna da kishiya, ko kuwa a gidan kishiyoyi ta tashi. Ba a ce uwargida tana kishi ba, ba a ce zuciyarta na tafarfasa ba. Gishirin ya isar da saƙo.

Rigimarmu ta farko da wani marubuci a kan mutuwa aka yi ta. Mun bi wata muguwar kishiya tun daga littafi na ɗaya, tana bin bokaye, tana raba uba da 'ya'yansa, muna jiran ranar da asirinta zai tonu a ga yadda za ta kalli mutanen gidan. Saura 'yan shafuka a gama na uku, sai ta hau mota zuwa Kaduna, taya ta fashe, ta mutu nan take. Gwaggo ta yi shiru, can ta ce, "Mi ya kashe ta?" Na ce hatsari. Ta ce a'a, mai littafin ne ya kashe ta, takardarsa ta ƙare. Ta hana ni karanta sauran. Har yau ban san ko an yi bikin da ake ta shiri ba.

Na zaci abin da ba zai yiwu ba ne ba ta so, don haka da na ɗauko Ruwan Bagaja na yi tsammanin za ta tsaya gardama. Ina! Abubakar Imam ya rubuta shi yana koyarwa a Midil ta nan Katsina, don gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, kuma cike yake da aljanu da abubuwan da hankali ba zai ɗauka ba. Ko sau ɗaya ba ta ce ƙarya ne ba. Abin da ya riƙe ta shi ne Alhaji Imam da Malam Zurƙe: wannan ya yi wa wancan tsiya, ka san ramuwa na tafe, ba ka dai san ta inda za ta ɓullo ba. Kowace ƙeta tana da bashin da za a biya. Haka ta karɓi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, da yaron da aka ɗauka zuwa sararin samaniya, ita da ko jirgin sama ba ta taɓa shiga ba.

Sai da muka shiga littattafan yaƙi da matsafa na baya-bayan nan na gane inda iyakarta take. A ɗaya daga ciki an faɗa tun farko cewa takobin jarumin ba ya cin kowa in rana ta faɗi. Ta riƙe wannan. Can gaba aka kewaye shi da tsakar dare, ya zare takobin nan ya karkashe dakaru ba adadi. "Tsaya," in ji ta. "Ba dare ne ba?" Na koma baya na duba, dare ne. Marubucin ya kafa doka da bakinsa, ya manta, ko kuwa ya ɗauka mu ne za mu manta. Aljani mai kai bakwai bai dame ta ba, saɓa alkawarin ne ya dame ta. Tun daga ranar nake ganin tayar da ta fashe da takobin da ya ci da dare laifi ɗaya ne: an kai mutum inda ba mafita, maimakon a bar shi ya nemo ta da halinsa ko ya hallaka da halinsa, sai a miƙo hannu daga waje.

Labaran ta'asa da 'yan sanda kuwa wani ma'auni ta sa musu. Marigayi mijinta direban babbar mota ne a hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, don haka zancen fasa-ƙwauri ba baƙonta ba ne. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, ɗaya daga littattafan gasa da suka fito a 1982, ta saurare shi tana gyaɗa kai, wani lokaci ta tare ni ta ƙara bayani daga abin da ta ji a bakin direbobi. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na wannan gasar shi ma, jininsa ya yi mata yawa, ta ce in bar shi, na ƙarasa ni kaɗai a gida ban iya ajiyewa ba. Amma wani na zamani da aka cika da jami'an sirri masu magana ta agogo da bindigogi masu sunayen Turanci, ta ce yaron nan fim ya kalla, bai taɓa tsayawa a shingen kan hanya ba. Ban iya kare shi ba.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ɗan siriri ne, muka gama shi da wuri. Ba ado a maganarsa, ba a ce mana mu yi kuka ba. Da aka kai inda uwar ta ga ɗanta bayan duk wahalar nemansa, ita kuma rai ya kusa fita, Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Ranar ta ba ni labarin da kakarta ta ba ta na zamanin da ake kama mutane a gona.

Littattafan waya ba mu daɗe a kansu ba. Ana turo su shafi-shafi ta WhatsApp, wasu sai ka biya, kuma tunda tsawo ke kawo kuɗi, gaisuwar safe kaɗai sai ta ci rabin shafi. Turancin da ake cusawa a tsakiyar zance sai na tsaya na fassara, wuraren da kunya ba za ta bar ni in karanta wa yayar mahaifina ba kuma in yi tsalle. Tana ganewa. "Kin haura katanga," take cewa. Akwai masu hannu ƙwarai a cikinsu, wata ma muryar kowane mutum a labarinta daban take, har Gwaggo kan faɗi mai magana kafin in kai ga sunansa. Labarin ne dai marubuciyar ta bari a tsakiya, ba ta dawo ba.

Inda muka rabu ni da ita shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Alhaji Abdu ya kori Rabi da tarin 'ya'ya saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su, sannan gobara ta cinye masa shago a kasuwa. Na ajiye littafin na ce to Gwaggo, ga tayarki ta sake fashewa, me ya sa wannan ba ki ce komai ba? Ta ce ba ɗaya ba ne. Hatsarin can ya share wa kowa hawaye ne a kyauta, gobarar nan kuwa ba ta sauke wa Rabi kaya ba, ƙara mata ta yi, tunda ga shi dangi sun taru a kanta sai ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta, yanzu da ba shi da ko sisi. Na ce ni komawar ce ma ta ƙona min rai, mace ta tsaya da ƙafarta sannan a mayar da ita. Ta ce ai ba a tambaye ki ko kin ji daɗi ba, ta san mata uku a unguwar nan da aka yi wa haka, ta fara lissafo min su da gidajensu. Na ce duk da haka marubuciya tana da ikon ta bar ta a ɗakinta. Ta ce in tashi in duba mata ko an kira magariba.