Ciyawar nafwid a makiyayun Montana: feshi kaɗai ba ya raba ka da ita

Nafwid mai ɗigo, wadda masana ke kira Centaurea stoebe, 'yar asalin gabashin Turai ce. Ta shiga Arewacin Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, a cikin irin alfalfa (wata ciyawa da ake nomawa don ciyar da dabbobi) da aka shigo da shi, yau kuwa ta mamaye makiyayu da gefen tituna a jihar Montana. Shanu ba sa son ta saboda ɗaci, sai su cinye ciyawar kirki su bar mata fili. Ana gane ta da fure mai launin shunayya, da baƙin ɗigo a bakin ɓawon da ke riƙe furen.

Ƙarfinta yana cikin iri. Tushe ɗaya na iya zubar da iri sama da 1,000, kuma irin yakan yi shekara 8 ko fiye a ƙasa bai mutu ba. Wanda ya yi feshi sau ɗaya ya juya baya, bayan shekara biyu ko uku zai tarar da ita ta dawo. Don haka abin da za a sa gaba shi ne hana ta zubar da sabon iri, shekara bayan shekara, har na ƙasa ya ƙare.

Idan 'yan tsiraru ne, a tuge su da hannu lokacin da ƙasa ke da laima, a sa safar hannu domin tana sa ƙaiƙayi. Dole a fito da kan saiwar, in ya saura sai ta sake toho. Wadda ta riga ta yi fure a zuba a buhu a ɗaure, kada a bar ta a wurin.

Masu yankan ciyawar gefen titi su ne suka fi yin kuskure. In an yanke da wuri, sai ta yi fure a ƙasa-ƙasa inda wuƙar inji ba ta kai. In an makara, injin ne da kansa zai raba irin a tsawon titi. Daidai lokacin shi ne sa'ad da furen ya fara buɗewa, kuma a wanke injin da tayoyinsa kafin a shiga wani fili.

A babban fili ana amfani da maganin feshin ciyawa mai suna Milestone, mililita 150 zuwa 200 a kowace eka, kafin ta yi fure ko a kaka. Amma a kula: maganin yana bi ta cikin dabba ya fito a kashi da ƙarfinsa. Takin da aka yi da wannan kashin zai nannaɗe ganyen tumatir da wake da dankali. Yana kuma kashe alfalfa.

Tumaki da awaki suna cin ta sosai tana ɗanya. In sun yi kiwo bayan ta yi iri, a tsare su kamar mako guda kafin a kai su fili mai tsabta. Akwai kuma ƙwari da aka kawo daga Turai: tsutsar Cyphocleonus achates tana cin saiwa ta ciki, ta Larinus minutus tana cin iri. Suna raunana ta ne a hankali cikin shekaru, ba sa kawar da ita.

Abin da na fi ganin muhimmancinsa, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne shuka. Filin da aka fesa aka bari tsirara, wata muguwar ciyawar ce za ta cike shi. A watsa irin ciyawa mai daɗewa, a ɗauke kiwo har ta kafu.

Kada a ɗauka nafwid mai ɗigo ɗaya ce da nafwid ta Rasha, mai baƙar saiwa da ke yaɗo a ƙarƙashin ƙasa. Wannan in aka bi ta da garma, kowane guntun saiwa sai ya tsiro. Guba ce kuma ga dawaki, ko da ta bushe a cikin ingirici: tana lalata ƙwaƙwalwa har doki ya kasa tauna, kuma ba a warkewa.