Yaro na jami'a da tallafin karatu: kada a cire shi daga takardar haraji

Iyaye da yawa a Amurka, da zarar yaro ya samu tallafin karatu mai tsoka, sai su cire sunansa daga takardar harajinsu, a ganinsu ai yanzu ba su ke ɗauke da shi ba. Wannan asara ce ta ba gaira ba dalili. Hukumar haraji ta IRS ba ta tambayar wa ya fi kashe wa yaron kuɗi. Tambayarta ita ce ko yaron ya ɗauki fiye da rabin nauyin kansa daga aljihunsa, kuma kuɗin tallafin karatu ba ya shiga wannan lissafi kwata-kwata.

Sauran sharuɗɗan ba su da wuya. Kada ya kai shekara 24 a ƙarshen Disamba, ya kasance cikakken ɗalibi a cikin watanni 5 na shekarar, kuma ya zauna da kai fiye da rabin shekara. Zaman makaranta ana ɗaukarsa tamkar yana gida. Sannan ya zama ɗan ƙasa ko mazaunin Amurka, ko mazaunin Kanada ko Meziko.

Inda ake faɗawa rami shi ne bashin karatu. A ce yarinya ta samu tallafin dala 20,000. A ajiye wannan gefe. Ban da shi, an kashe mata dala 10,000: iyaye 6,000, ita kuma 4,000 daga ɗan aikin da take yi. Ba ta kai rabi ba, tana nan cikin takardarka. To amma idan ta ci bashin dala 5,000 da sunanta ta kashe, jimilla ta zama 15,000, nata kason 9,000, ta wuce rabi, ka rasa ta. Bashin da uba ko uwa suka ci da sunansu kuwa a ɓangarensu ake lissafa shi. Kada kuma a manta da kimar hayar ɗakinta a gida da inshorar lafiyar da kuke biya mata, duk suna ƙara nauyin ɓangarenku. Abin da ta tara a banki ba ta kashe ba, ba a ƙirga shi.

Ribar fa? Akwai ragin dala 500 daga harajinka saboda wanda kake ɗauke da shi, sai babban, rangwamen haraji na kuɗin karatu mai suna American Opportunity, har dala 2,500 a shekara, na shekara 4, ta fom 8863. Yana fara raguwa idan kuɗin shigar ma'auratan da suka cike takarda tare ya haura dala 160,000, ya ƙare a 180,000. Sai dai kuɗin makarantar da tallafi ya biya ba a neman rangwame a kansa. A ɗauko fom 1098-T daga jami'a, a kwatanta akwati na 1, abin da aka biya, da akwati na 5, tallafin da aka bayar.

Abin da tallafin ya biya na kuɗin makaranta da littattafan dole ba haraji a kansa. Wanda ya tafi ɗaki da abinci kuwa kuɗin shiga ne na ɗalibin, a takardarsa zai fito, ba taka ba, kuma idan ya yi yawa fom 8615 zai iya hawa kansa, a caje shi da ma'aunin harajin iyayensa.

Kuskuren da ya fi ɓata lokaci shi ne yaro ya riga ka cike tasa takardar bai nuna cewa wani zai iya sa shi cikin tasa ba. Kana tura taka ta intanet sai ta dawo. Gyaran shi ne ya cike fom 1040-X na gyara takardar haraji, kai kuma ka aika taka ta gidan waya ko ka yi amfani da lambar kariya ta IP PIN da IRS ke bayarwa. Ku zauna ku yi maganar tun a Janairu, kafin kowa ya danna aikawa.